Takardar Lissafin Da Aka Lalata Kafin Ta Isa Hannun Yara

Zuwa ga Mai girma Daraktan kolejinmu da ke unguwar Zariya, Maradi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne malamin lissafi na ajin ƙarshe, mai tasowa daga Tibiri kowace safiya. Na nemi ganinka a biro, wato ofis, har na gaji. Tunda a bainar jama'a aka zubar mini da mutunci, a bainar jama'a zan yi magana.

Na ɗaya. Ni na buga takardar jarrabawar gwajin brebe, jarrabawar kammala koleji, a ordinaterina, wato kwamfutata. Kowace alama na shigar da ita ta wurin da aka tanada don rubuta lissafi, na duba, na kawo a kile, ɗan abin nan da ake soka wa na'ura don ɗaukar rubutu. Na'urar biro ta tsufa, da aka buɗe takardar sai alamomin suka koma akwatuna wayam. Sakatariya, Malama Hadiza, ta sanar da kai, ta roƙi a kira ni. Ka ce ta buga su kamar sauran rubutu, lissafi ai lambobi ne, mai fotokwafi na jira a Sabon Gari.

Na biyu. Ga abin da aka raba wa yara. Ƙaramin biyun da ke saman x ya sauko gefe, x sau x ya koma x sau biyu. Alamar rasin, wato √, ta zama harafin V. Layin da ke raba lambar sama da ta ƙasa ya ɓace, lambobi suka jeru kamar lambar waya. Ni kuwa an tura ni tsaron wani aji, ban ga wannan ƙazanta ba sai da aka kawo mini amsoshi. Yara sun zauna suna gumi kan tambayoyin da ni mai koyar da su ba zan iya amsawa ba.

Na uku. A taron iyaye ka miƙe ka ce malamin lissafi ne bai gama darussa ba. Ina zaune. Na ɗaga takardun biyu, tawa da wadda aka raba, aka ce lokaci ya ƙure. Ranka ya daɗe, abin da ya faru a biro kuskure ne, ɗan Adam ajizi ne. Abin da aka yi a taro ba kuskure ba ne, ka san gaskiya ka rufe ta da sunana. Tir da wannan.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Akwai Rabi'atu, ɗiyar wani mai noman rani a Jiratawa, wadda ba ta taɓa faɗuwa lissafi ba. Da aka cire sunayen yaran da suka faɗi gwajin daga waɗanda za a gabatar ga brebe, har da nata. Ta same ni bakin aji, kai a sunkuye, tana tambaya ko kwanyarta ce ta toshe. Mahaifinta ya ce ba zai iya ɗaukar maimaita aji ba, ta koma gida.

Don haka ina roƙo a sake jarrabawar da takarda ta gaskiya, a mayar da sunayen da aka cire kafin a rufe rajista, kuma ka kira iyaye ka faɗa musu abin da ya faru da bakinka. A gyara na'urar biro, a ba ni dama in zauna da Malama Hadiza in nuna mata yadda ake shigar da alamomin; ta daɗe tana so. Kada kuma a ɗora mata laifi, umarni ta bi.

Ni zan iya haƙuri da abin da aka yi wa sunana. Shekarar Rabi'atu kuwa ba tawa ba ce balle in yafe ta.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya raba ka da haƙƙin yaran mutane.

Wassalam.

Malam Issufu,
malamin lissafi, Tibiri.