Gaisuwar da Kwamfuta Ta Ƙi Amsawa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki.

Yau wata ɗaliba a ajina a Kafin Maiyaƙi ta tuna mini ke. Ta naɗe hannu cikin hijabi ta ƙi taɓa kwamfuta, wai kada ta ɓata kayan mutane.

Kin tuna hutun da aka kawo mana ɗan gajeren darasin rubuta wa kwamfuta umarni a Tudun Wada? Daga Falgore nake hawo babur, ina tsoron abin. Ni da ban taɓa ganin kin tatsi saniya ba ki yi mata magana ba, aka ce in umarci na'ura. Sai na rubuta sallama, na yi mata ina kwana, na ce don Allah, sannan na faɗi buƙatata, ta nuna mini sunana. Allon kwamfutar ya cika da jan rubutun kuskure. Aji ya fashe da dariya, malam ma ya juya baya yana gyara hula.

Na dawo gida na ce ni da wurin nan har abada, abin 'yan birni ne, ba shi da tarbiyya, ko gaisuwa kwamfutar ba ta amsawa. Kina kaɗa nono, ko ɗagowa ba ki yi ba, kika ce, "Don ba ta amsa ba sai ki gudu? Koma ki tambayi malamin inda ake ajiye gaisuwar."

Wallahi tsoronki ne kawai ya mayar da ni. Ashe akwai wurin! Malam ya nuna mini wata alama, duk abin da aka rubuta bayanta kwamfuta tsallakewa take yi, mutane kaɗai ke karantawa. Na ajiye sallamata a can, na sa umarni a ƙasa, sai ga sunana a allo. Ranar tsoro ya fita, kwaɗayin abin ya shiga.

Na ba yarinyar labarin nan, ta yi dariya ta jawo kujera. Da ta ga har yanzu da sallama nake buɗe kowane aiki, sai ta tambaye ni wa nake gaisarwa tunda na'ura ba ta ji. Amsar ɗaya ce, Inna. Ke ce. Ina kewarki ƙwarai.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa mala'iku su tarbe ki da sallamar da ba ki taɓa hana kowa ba.

Taki,
Habi