Ba Lakwal a Funtua

Maska, 14 ga Satumba

Zuwa ga aminiyata Tsohuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya maigidan, ya yara, ya mutanen unguwarmu ta Maraɗi? Mu ma nan alhamdulillahi, sai jikin Inna da yake jiya-i-yau. Ɓarin nan na dama har yanzu bai motsa ba. Ni ke juya ta, ni ke ba ta koko da cokali.

Kada ki ce na mayar da ke zamanin da. A gidan nan sai an je bayan rumbu ake samun sabis, kuma ina buɗe baki kowa ya kasa kunne. Shi ya sa na ba Buba direba takarda. Sau biyu na liƙe ta, don kin san babbar 'yar tawa, ko takardar ƙosai ta gani sai ta karance ta kafin ta taɓa ƙosan.

Maganarta ce ma ta zaunar da ni rubutu. Da za mu taso, shirinmu ba wuya: babansu ya yi kaka biyu yana gyaran injinan gurzar auduga a Funtua, ni in yi jinyar Inna a gidanmu, mu tattara mu koma. Wallahi ba wanda ya tuna da lakwal, makarantar bokon can. Shekara goma sha uku ina aure a Maraɗi amma ashe kan nawa na Maska ne, gani nake makaranta duk makaranta ce. Ƙanwarta Humaira da sauƙi, yanzu za ta fara. Ita kuwa babbar ajin ƙarshe za ta shiga, jarrabawar fita na jiranta a watan Yuni, ga shi duk karatunta da Faransanci ne. Yarinyar da tun aji ɗaya ba a taɓa ture ta daga ta ɗaya ba!

Na taka Funtua har silifas ɗina ya tsinke. Wata makarantar kuɗi na gani da katafaren allo, an rubuta ana koyar da Faransanci, na shiga ina murna kamar an yi mini albishir da Makka. Ashe sau ɗaya ne a mako, kuma malamin ɗan bautar ƙasa ne, ya gama ya tafi garinsu tun bara. Allon dai suka bari. A wata kuma malamin na nan, ya gaida yarinyar da Faransanci, ta amsa masa da dogon zance, sai na ga bawan Allah yana ta gyara hula. Tausayinsa ma na ji.

Don Allah ki je wurin shugaban lakwal ɗinsu ki tambayar mini har zuwa yaushe zai riƙe mata gurbinta. Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Adawiyya

Maska, 6 ga Oktoba

Zuwa ga aminiyata Tsohuwa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta iyali. Saƙonki ya iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Wato ƙarshen watan nan ne iyaka, in ba ta zo ba a soke sunanta. To.

Don kada ta zauna haka muka sa ta a firamaren garin nan. Da yake ba ta jin Turanci, aji uku suka kai ta. Tsohuwa, ki ga yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya a kan benci ɗaya da masu majina, gwiwoyinta ba su ma shiga ƙarƙashin teburin. 'Yar Faransa suke kiranta. Makon jiya aka ba su lissafin rabawa, ta yi shi yadda ake jera shi a can, da layin nan a tsaye. Amsarta daidai, duka goman. Malamin ya duba ya ce wannan zanen banza ne, ya zabga mata sifili, ya ƙara mata da bulala biyu a tafin hannu. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ni na gani da za ta ɗauki tulu, ta kasa damƙe shi. Da yamma na iske ta a bayan rumbu da gawayi, ta sake yin lissafin a jikin bango tun daga farko, tana duba inda ta yi kuskure. Ba kuskuren, Tsohuwa. Na tsaya a bayanta kamar gunki, na ce ta zo ta ɗebo ruwa. Abin da na iya ke nan.

Ban zauna ba fa. An ce akwai wata malama a Malumfashi, na bar Inna da matar yayana na hau mota, na tarar an yi mata canjin wurin aiki. Aka kwatanta mini wani tela mutumin Kwatano a kasuwar Funtua, mutumin kirki, ya ce magana ya iya amma shi kansa aji uku ya tsaya. Har Kafur na je a kan babur wurin wani tsohon direban tirela, na tarar Faransancinsa na tasha ne da shingen kwastan. Babansu ya gwada koya mata da kansa, sai dai yanzu auduga ta fara shigowa, yana dawowa da farin gashin ido ya buɗe littafi, kafin layi uku ya fara gyangyaɗi. An ce akwai irin makarantar a manyan birane, ta 'ya'yan manya. Ina mu ina can?

Yanzu ga abin da ya hana ni cin abinci. Gwaggonsu, yayar babansu da ke can unguwar Zariya ta Maraɗi, ta aiko. Ta ce a kawo mata yarinyar, lakwal na ƙofar gidanta. Kin san Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma tun ranar suna take roƙon a ba ta ita, babansu yana ta kauce-kauce. Na san za ki ce in kawo miki ita, wata takwas ne kawai. Allah ya saka, amma gwaggo na raye tana miƙo hannu a kai 'ya gidan ƙawa? Sai dangin su watse. Kuma ke ma kin sani, a dangin babansu riƙo ba aro ba ne. Wanda ya ba gwaggo 'ya ba ya zuwa karɓa, daga ɗakinta sai ɗakin miji. Ko mun koma Maraɗi, baƙuwa za ta riƙa zuwar mini ranar Juma'a.

In na riƙe ta na kashe mata karatu, in na sake ta na rasa ta. Ki taya ni addu'a, kaina ya ƙulle.

Taki,
Adawiyya

Maska, 27 ga Oktoba

Zuwa ga aminiyata Tsohuwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, ke da maigidan da yara. Inna na gaishe ki da hannun da yake motsi.

An gama magana. Shekaranjiya Gwaggo ta iso da kanta, da atamfa da sabuwar jakar makaranta, tun ba a ce an ba ta ba. Aka zauna a ɗakin Inna, ga Kawu Maitama, ga yayana, ga babansu. Babansu ya ce shi ba zai yanke ba sai an ji ta bakina. Ya yi ne don ya taimake ni, na sani, amma da ya san abin da ya yi! Duk suka juyo suna kallona. Ta yaya zan buɗe baki gaban Kawu da mahaifiyata in ce ina son 'yar fari? Ni da tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa goya ta gaban mutane ba, har Yaya take ce mini? Kwana biyu ina shirya abin da zan faɗa, cewa a ba ta wata takwas kawai ta dawo. Da lokacin ya zo sai na ji bakina ya ce ai 'yarku ce, duk yadda kuka yi daidai ne. Kawu ya sa mini albarka, ya ce haka 'yar mutunci take. Gwaggo ta rangaɗa guɗa.

Ina fitowa na ga yarinyar a bakin ƙofa da butar Inna a hannu. Ta ji komai. Ba ta yi kuka ba, ta dai ajiye butar a hankali ta wuce. Jiya Humaira ta kawo mini labari, wai ta ce mata dama ta san Yaya ba ta damu da ita ba, ko tambaya ba ta yi ba aka ɗauke ta. Tsohuwa, wannan maganar ta fi mini ciwo a kan tafiyar.

Ba ta san silifas nawa na tsinka a kanta ba. Ba ta san na hana a shafe bangon rumbun nan ba, matar yayana ta ɗauko tsintsiya na kusa cinye ta. Ba ta san duk takardun sakamakonta tun aji ɗaya suna ƙasan akwatina cikin zanen aurena ba, ni da ba na iya karanta ko layi ɗaya a ciki. Ina sonta fiye da yadda bakina zai iya faɗa, kuma ba don na gaji da ita na sake ta ba, don kan nan nata ne da Allah ya ba ta, ba zan iya kallonsa yana ruɓewa a aji uku ba.

Motar Buba za ta tashi da hantsi, ga su can suna ɗaure kaya. Ba zan raka ta tasha ba, kin san ba a yi. Zan zauna in ci gaba da ɓarzar masara kamar kowace rana. Ke dai ki riƙa leƙa ta. Ba ta cin kuɓewa, kuma in zazzaɓi zai kama ta shiru take yi, ba ta faɗa. Ranar da sakamako ya fito ki je ki tsaya mini a bakin lakwal.

Sunanta Ummukulsum. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba. Ummukulsum tawa.

Ita zan ba takardar nan ta kawo miki, hanya kuma da nisa. In kin ga ambulan a buɗe kada ki zargi kowa, ni ce ban liƙe ba.

Ki gaida mutan gida. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har abada,
Adawiyya