Isah, Kyauta ce ko Kiwo?

Zuwa ga ƙanina Isah, a Fatakwal ko duk inda Allah ya aje ka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da wanda ke tare da kai, mu ma nan Bungudu lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ka san ban yi boko ba. Mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya a Gusau ne ke rubuta wagga, na kuwa ce mashi kada ya gyara mani magana ko guda. Tun da ka ɓoye mani mazauninka, na ce a kai ta jarida. Wanda ya san ka ya karanta maka. Sauran jama'a su ma su ji, ba ni da abin rufewa.

Shekara bakwai ke nan ina ɗauke da maganar motar da ka bari a ƙofar gidana.

Ka tuna yadda aka yi. Ka sayar da rabonka na gonar Baba ta bakin gulbi ga baƙo, ba ka shawarce ni ba. Na faɗa maka abin da na faɗa, kuma har gobe ban janye ba. Muka daina magana. Ana nan wata safiya sai ga ka da 'yar ƙaramar jif fara, mai ƙofa biyar, da tayar safaya goye a bayanta. Ka tsayar da ita gindin darbejiya. Ka cire makulli guda daga zobe ka sa mani a hannu, ɗayan ka jefa aljihunka ina kallo. Ka ce, "Sai Allah ya ƙaddara saduwa, Yaya." Ka taka zuwa tasha. Tun daga ranar ban sake ganin ƙeyarka ba.

Isah, a kara na tsufa. Kasuwar shanu ta Tsafe ba wanda bai san ni ba. A wurinmu idan mutum zai ba ka dabba kyauta, yakan kira mutum biyu su tsaya, ya miƙa maka igiya, ya faɗa da bakinsa. Idan kiwo zai ba ka, shi ma a gaban mutane ake yi. Kai ba ka kira kowa ba, ba ka faɗi komai ba. Takardun da ke cikinta kuwa sunan wani mutumin Kwatano ne a jiki, ba naka ba, ba nawa ba. To mene ne wannan?

Da farko ko taɓa ta ban yi ba. Na ce ko ta sata ce, ka kawo mani don 'yan sanda su same ta a gidana. Da aka kwana biyu ba wanda ya zo, sai na ce to lalatacciya ce aka shafe da fenti, ka ba ni don ka toshe mani baki kan maganar gona. Na ja akori-kura a da, hannuna bai manta ba. Na shige ta da niyyar in gano aibinta, in samu abin faɗa.

Ta ƙi ba ni.

Gaskiya ko a kan maƙiyi zan faɗe ta, balle a kan mota. Hanyar Magami da damina ka san ta. Na wuce manyan motoci sun kafe har gindi, direbobi sun naɗe wando suna haƙa. Ni sai in ja 'yar giyar nan ta biyu, ƙafafu huɗu su kama ƙasa, ta fice kamar akuya. Ranar da ciwon ciki ya kayar da matar yayanka Kulu, gulbi ya cika, ba mai haya da ya yarda ya fito. Ita ta kai ta asibiti Gusau. Ta ɗauki amare, ta ɗauki gero daga Wonaka, ta ɗauki ragon layya, sau biyu ta ɗauki gawa. Da aka shiga wahalar man nan, masu manyan motoci suka jingine nasu, ni galan guda daga 'yan bumburutu yakan kai ni Gusau in dawo.

Ba wai ba ta da hali ba. Kujerar baya matsattsa ce, mata uku masu jiki ba su zama sai da faɗa. Idan tirela ta gifta ta a kan kwalta sai ta yi rawa kamar za ta bi ta. Gargada kuwa a ƙugunka za ka ji ta. Amma ba ta taɓa kwana da ni a daji ba. A majalisa har tsokanata ake yi, wai Ummaru ya fi yabon jif da yabon matarsa. Nakan ce masu mota hannu take so, kuma ni na iya riƙo.

Ashe dariya ake yi mani.

Bakanikena Sande ne, mutumin Anaca da ke da gareji a Sabon Gari, wanda Hausa ta zauna bakinsa fiye da na wasu 'yan gari. Bara da kaka na kai mashi ita juyen baƙin mai, na shiga kasuwa. Ina dawowa na tarar da ita tsaye kan sababbin tayu huɗu, ko gashin jikinsu bai kaɗe ba. Na ce wa ya sa shi. Ya ce in bar maganar, an riga an gama. Na zauna kan benci na ce ba ni tashi sai ya faɗa. Ya yi ta sosa kai, daga ƙarshe ya ce ya yi alkawari a gaban Allahnsa ba zai ambaci suna ba, in yi haƙuri, shi ma ɗan aike ne.

Ba sai ya ambata ba. Wansa a Fatakwal yake sayar da kayan mota, kowa ya sani, can kuwa aka ce kake. Ina hanyar gida abubuwa suka riƙa dawo mani. Batirin da ya ce wai wani ya bari ba ya so. Shokazoba da ya ce tsofaffin ya wanke suka koma sababbi, ni kuwa na yarda. Yanzu ban san nawa ne kirkin motar ba, nawa ne hannuna, nawa ne naka. Ko yabon da nake yi mata ka shiga ciki ka ɓata mani.

Kulu ta ce zumunci ne, wai kunya ce ta hana ka fitowa fili. Kulu ba ta yi kasuwar shanu ba. Wanda ya ba da saniya kiwo, shi ke aiko da kanwa da dusa duk shekara, don makiyayi kada ya manta mai ita. Wanda ya ba da kyauta ba ya bin ta da kanwa. Ni abin da na sani ke nan, kuma ban ga dalilin da mota za ta bambanta ba.

Sai kuma ɗanka Nasiru. Tun da aka ba mu jiha ya samu aiki a sakatariya, yakan zo gaishe ni. Yana da ladabi, ban ce ba. Amma kafin ya shigo zaure sai ya zagaya motar, ya danna taya da ƙafa, ya leƙa ta gilashi. Na tambaye shi inda kake, ya ce shi ma sai dai ya ji a bakin direbobi. Ban yarda ba. Kai kake turo shi ya duba ko ta rame?

Ga abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru. Idona ya fara hazo. Kafin azumi saura ƙiris in hau kan amalanken shanu a mararraba, ban gan shi ba sai da mai shi ya yi ihu. Tun ranar na aje tuƙi. Ɗana Bala yana da iyali, da ita zai riƙa kai uwarsa asibiti, ya kuma nemi abinci. Na je wurin Liman na warware mashi komai. Ya ce ba a kyauta da abin da ba a tabbatar naka ne ba, ba a kuma sa shi cikin gado. Idan amana ce na mutu ban mayar ba, tana wuyana. Idan kuwa na bar ta haka, Bala da Nasiru za su tsaya gaban alƙali a kanta, yadda ni da kai muka ɓata a kan gona.

Don haka na hana Bala makulli. Yana fushi da ni, uwarsa na fushi da ni. Motar na nan gindin darbejiya, kaji na kwana ƙarƙashinta. Da safe nakan tayar da ita don kada batir ya mutu, in zauna ciki har ta yi zafi. Carbinka da ka manta rataye a madubi yana nan, ban cire ba.

A nan zaune nake tuna ka. Da Inna ta rasu ba ka daɗe da yaye ba. Ni nake ɗora ka gaban jaki zuwa Tsafe, kana barci kanka na dukan ƙirjina, ina riƙe da kai da hannu guda don kada ka faɗo. Ka ƙi cin tuwon kowa sai na fara sa hannu. Wanga yaro ne yau yake magana da ni ta bakin bakanike. Gonar ta tafi, Isah, baƙon har ya dasa mangwaro sun yi 'ya'ya. Ban ce ka yi daidai ba. Amma ban ce kada ka zo ba.

Allah ya tsare ka inda kake, ya rufa maka asiri, ya sa kada ka nemi wani abu wurin wanda zai wulaƙanta ka. Allah ya jiƙan Inna da Baba. Allah ya sa in ji muryarka tun ina da kunne.

Na riga na faɗa wa Sande, ko ƙusa aka sake aikowa ya mayar. Ba na son kaya, magana nake so. Ka zo da ƙafarka, ko ka aiko mutum biyu masu hankali su faɗa a zaurena. Idan taka ce, ka zo ka ɗauka, ban rage mata komai ba. Idan tawa ce, ka buɗe baki ka ce tawa ce, in miƙa wa yaro in huta. Kada ka bari a binne ni da ita a wuya. Ka amsa mani.

Ni ne yayanka,
Ummaru, Bungudu.