Jan Guga a Makarantar Yahudawa

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba da su Salisu? Mu nan Guangzhou ta ƙasar Sin sai godiya.

Tun da aka tsaurara biza saboda wasannin Olamfik, 'yan kasuwarmu suka rage zuwa, aikin maigidana Abban Sadiya ya tsaya cak. Shi ya sa na karɓi aikin raino na gwaji a makarantar yaran Yahudawa. Kada ki damu, ba mai hana ni sallata.

Duk mako malamarsu tana koya musu sashe ɗaya na Attaura. Wannan makon labarin Rifkatu ne, yarinyar da ta shayar da raƙuman baƙo a bakin rijiya. Yaran ba su taɓa ganin rijiya ba, sai tsalle-tsalle suke, har muryar malama ta dishe.

Na ce ta ba ni igiya da bokiti. Na zura a gangar ruwa, ina ja kamar yadda kika koya mini, yara suka durƙusa a layi, wai su ne raƙuma. Wani fitinanne, Dauda, ya karɓi igiyar, ja biyu ya zube yana haki. Ya ce, "Ashe Rifkatu ta sha wuya!" Malama ta rungume ni, ta ce abin da take so su gane ke nan. Jiya aka tabbatar mini da aikin!

Inna, jan gugan nan da nake yi a gida ina kuka, yau shi ke ciyar da gidana.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Goggo.

'Yarki,
Hadiza