Tulun da Na Buɗe a Rana ta Goma Sha Biyu

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi mai khal ta unguwar Kurayyat, Jidda.

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwarsa, da fatan Allah ya yalwata miki makwanci, ina sanar da ke cewa wannan takarda ba taki ba ce ke kaɗai. Zan manna ta a ƙofar gidanmu, waɗanda suka ƙi zuwa jiya su karanta, munafukai.

Kin san sana'arki, amma bari in faɗa saboda su. Duk shekara idan baƙin inabi ya sauko daga duwatsun Ɗa'ifa, mai kaurin ɓawo, da sauran sanyin tudu a jikinsa, sai ki matse shi a tulu, ki rufe bakin da ƙyalle da yumɓu, ki dangwala babban yatsanki mai tabon wuƙa a kai. Kwana arba'in ba mai taɓawa, har ya zama khal, ruwan tsamin da ake zubawa a kifi da wake. Kullum kina cewa, "A tsakiyar hanya haram ne, a ƙarshenta halal. Ba ruwanmu da tsakiya, shi zai juya da kansa."

Ni kuwa ina kuku a gidan Baturen injiniya, inda na koya wa kaina Turanci a jikin gwangwani da kwalba. Akwai wata jar giya da yake ɓoyewa a bayan buhun shinkafa. Na karanta takardar jikinta kalma kalma: wai inabin baƙi ne ƙanana, daga wani tudu mai tsakuwa a Faransa, wai ɗanɗanonta kamar busasshen ɓaure da hayaƙin itace da jiƙaƙƙiyar ƙasa, a sha da gasasshen rago. Ji shirme, har ƙasa ake lasa! Wallahi ban taɓa kurɓa ba. Amma ina wanke kofunan, kuma hancina ya san warin. Shi nake ji idan na gifta ta zaurenki.

Sai girman kai ya kama ni, ni mai karatu. Na ce miki abin Bature da naki duk ɗaya ne. Kika ce, "Khalas, ya isa haka, Haruna, bar tulun nan." A rana ta goma sha biyu, da azahar, kina kasuwa, na fasa yumɓun don in nuna miki na fi ki sani.

Ya Ummi, iska ko kaɗan babu a ranar, amma warin ya fita ya bi lungu gida gida kamar mai neman wani. Hajiya Dije maƙwabciyarmu ce ta fara toshe hanci. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka kina dafa giya.

Aka daina saye, aka daina amsa sallamarki. Matan da kika yi wa wankan jego suka riƙa janye mayafi idan kin wuce. Ba ki taɓa cewa ni ne ba. Ni kuma mai bakin da ba ya barin kowa, na yi gum. Kika zubar da wancan, kika cika wani tulun, kika dangwala yatsa, kika kwanta ciwo. Mata uku kacal suka zo wankan gawarki.

Tulun nan ya ƙi yin shiru. Na saba, sati biyu yake tsuwa ya daina. Wannan kuwa har bayan sadakar arba'in ɗinki, duk azahar, daidai lokacin da na fasa wancan, sai in ji shi yana sauke numfashi a hankali, irin naki na kwanakin ƙarshe. Kyanwa ma ta daina shiga zauren.

Jiya bayan Juma'a na tsaya a bakin lungu na ce yalla, kowa ya zo. Na faɗa musu ni na buɗe, ni na jawo, ke ba ki taɓa ganin tsakiyar tulu da idonki ba. Na fito da tulunki na ƙarshe, na fasa yumɓun a gabansu. Khal ne, Ummi, mai kaifi, har hawaye ya sa Liman. Hajiya Dije ta tsoma yatsa ta lasa, ta zauna a ƙasa tana kiran sunanki. Na raba musu tas, na wanke tulun, na kife shi a rana.

Yau da azahar na dawo na same shi a tsaye a zaure, bakinsa a rufe. Yumɓun ɗanye ne. Akwai sawun babban yatsa a kai, da tabon wuƙa a tsakiya.

Ban san abin da kika zuba ba, ba kuma zan tambaya ba. Ki yafe mini, Ummina. Allah ya jiƙan ki, ya wanke ki a can kamar yadda ya wanke sunanki a nan, ya sanyaya miki kabari kamar safiyar Ɗa'ifa. Amin.

Yau kwana ɗaya. Wannan karon zan cika arba'in.

Ɗanki mai kunnen ƙashi,
Haruna