Ɗamarun da Kika Maido Mini

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara, Ya kuma sassauta miki ciwon gwiwar nan da ke hana ki tsayuwa a shago. Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Mama tana nan da ƙarfinta, kunne ne dai ya ƙara nauyi, sai abin da ta ga dama take ji. Baban yara ya bar tuƙin dogon zango, yanzu kullum yana gida yana sa mini ido a kan aikina. Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna bayan wata biyar ban ɗaga wayarki ba. Na zaɓi takarda ne don a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa, kuma abin da ke bakina akwai ban haƙuri a ciki. Kin san ni, ba na iya ba da haƙuri da baki.

Maganar ɗamarun nan ce. Kin san tun da aka cire mini mahaifa, shekara ashirin da biyu ke nan, na ɗinka wa kaina ɗamarar ciki don in iya taka keken ɗinki ba tare da ɗinkin tiyatar ya ja ni ba. Maƙwabta suka gani suka so, har ta zama rabin sana'ata. A garin nan ba a yin mako ban auna cikin wata da ta fito daga tiyata ba. Shi ya sa na ce a raina, ga Yaya da shago a bakin ƙofar babban asibiti, a birnin da ya ninka namu sau goma, ai can ne kasuwa. Na zauna na ɗinka guda arba'in, na sa roba mai faɗi mai kyau, na aika miki. Da direba ya dawo mini da ƙullin bayan wata biyu ya ce kin ce ba su shiga ba, wallahi raina ya ɓaci matuƙa. Na ce kin zama 'yar birni, kina jin kunyar rataye ɗinkin ƙanwarki a shago. Babu abin da ban faɗa a kanki ba, Baban yara shaida ne. Na tura ƙullin da ƙafa ƙarƙashin teburin yanka, ko kwance shi ban yi ba.

Ana cikin haka jikin 'yarki Malama ya tsananta. Kin san shekararta shida da aure, ɓari ɗaya, shiru tun daga nan. Al'adarta ta koma zuba, kwana goma, sha biyu, har ta faɗi a gaban allo tana koyar da yara. Da na je na ga tafin hannunta fari fat. Aka nemo jini leda biyu aka sa mata, aka yi hoton ciki, aka ce ƙari ne ya fito a cikin mahaifar. Likitan tiyata, wanda sau biyu a wata yake zuwa asibitinmu, ya ce a cire mahaifar a huta, ya ba da rana. Yaya, ni ce na fi kowa matsa mata. Na ce ciwon gidanmu ne, an cire wa Mama, an cire wa Gwaggo, an cire mini, ga mu nan muna cin abincinmu. Na ce rai ya fi haihuwa. Yarinyar nan ba ta musa mini ba, ta dai daina magana. Mijinta, makanikin nan mai surutun tsiya, ya sa hannu a takarda, ya fita ya zauna a cikin motar wani da yake gyarawa, ya ƙi fitowa har la'asar.

Saura kwana biyar a yi aikin na ce bari in tanadar mata ɗamara. Robata ta ƙare, sai na tuna da ƙullinki, na jawo shi ina tsaki. Ina kwancewa takarda ta faɗo, da rubutunki mai kama da tafiyar kaza. Ashe bayani kika yi mini tun wancan lokacin! Kin ce wata biyu suna rataye, uku kawai aka saya, su ma masu haihuwa ta tiyata ne. Kin ce kin tambayi wata nas da ke sayen sabulu a wurinki, ta ce a wajenku ba a saurin cire mahaifa, ana fara gwada magani, ko a cire ƙarin kaɗai, sai abin ya gagara. Kin ƙare da tambayar wai me ke damun matan garinmu da nake sayar da abin nan haka. Na karanta sau uku a tsaye. Sai na zauna a kan kujerar keke na fara lissafa matan layinmu: mai markaɗe, matar mai gadi, mata huɗu na kamfanin buhu, 'yar'uwar mai kanti. Ni da na auna cikinsu ɗaya bayan ɗaya da tef ɗina, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Murna ma nake yi kasuwa ta buɗe.

Washegari na tafi asibiti da takardarki a jaka, na yi sa'a likitan yana gari, na tsare ƙofa har ya fito cin abinci. Na shirya masa faɗa, amma mutumin nan ya kashe mini baki da gaskiya. Ya ce akwai aikin da ake cire ƙarin a bar mahaifa, sai dai na'urar babu ita a nan. Ya ce matan da yake gani yawancinsu aikin yini suke yi, ranar da ba su fita ba babu abinci, in ya ba da magani ya ce a dawo bayan wata guda ba ya sake ganinsu sai an ɗauko su ranga-ranga, ga shi ba a ajiye jini a asibitin. Don haka ya saba yin wanda zai yi sau ɗaya ya san mace ba za ta mutu a hanya ba. Na ce to ita wannan malamar makaranta ce, tana da hutu, tana da katin inshora na wurin aiki, kuma ba ta da ɗa ko ɗaya. Ya ce bai tambaya ba, mu ma ba mu faɗa ba. Nan take ya rubuta mana takarda zuwa asibitin koyarwa. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, Yaya, ni uwarta ma ban tambaya ba.

Tafiyar yini guda ce a mota. Mijinta ya rufe gareji ya aro mota, muka shimfiɗa mata katifa a baya. Likitar da ta gan mu mace ce, ba za ta girmi Malama da yawa ba. Ta sake hoto, ta juyo mana da allon na'urar ta nuna mana ƙarin, bai kai ƙwan kaza ba. Ta ce akwai matan da cire mahaifar ne kaɗai zai ceci ransu, kada in koma gida ina tsorata mutane, amma wannan ba ta cikinsu. Suka ƙara mata jini, bayan mako biyu suka cire shi ta ƙasa, ko yanka ba a yi mata a ciki ba. Da aka turo ta daga ɗakin tiyata, idonta bai gama buɗewa ba ta kama hannuna tana tambaya ko mahaifarta tana nan. Na ce tana nan daram. Kai, Yaya, na yi kuka a gaban mutane kamar ƙaramar yarinya, mijinta kuwa har mai shara ya yi wa godiya. Yau wata biyu ke nan, al'adarta kwana biyar, ta koma aji, kumatu sun dawo. Likitar ba ta yi mana alkawarin haihuwa ba, ta ce wannan na Allah ne, amma hanya a buɗe take. Hankalina ya kwanta, har ƙiba nake yi.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Kafin mu taho na tambayi likitar ko ni ma da za a iya barin tawa mahaifar, don shekarata talatin da ɗaya lokacin, kuma kin san yadda na so in yi wa Malama ƙani. Ta ce ba za ta iya sani ba sai da takarduna, takardun kuwa ko asibitin ba su da su. Wannan ya yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Da na ba Mama labari da ƙarfi a kunnenta, sai ta ce su a lokacinsu ba a tambayar likita. Yanzu duk wadda ta zo awon ɗamara kafin aiki, sai na ajiye tef na tambaye ta ko ta tambayi wata hanya. Baban yara ya ce ni ce mai ɗinki ta farko da ke korar masu saye, na ce ya ji da shayinsa.

To Yaya, ki yafe mini. Na zage ki a bayan idonki wata biyar, ashe maganin 'yata yana ƙarƙashin teburina ina taka shi da ƙafa. Ki gaishe mini da Baban Auta, da Auta da 'yan biyu, da surukarki, Allah Ya sauke ta lafiya. Nas ɗin nan kuma ki ba ta sabulu mafi kyau a shagonki, ki ce daga wata uwa ce. Mama, Gwaggo da Baban yara suna gaishe ki, makaniki ya ce duk ranar da kika zo shi ne direbanki.

Ɗamarar da na rage wa faɗi daidai ƙugun Malama tana nan ba a ɗaura ba. Jiya na ɗauko zan mayar da ita cikin ƙulli, sai ta riƙe hannuna ta ce in ajiye mata, ai mai jego ma tana ɗaure ciki. Na naɗe ta na sa a ƙasan akwatina. Ki taya mu da addu'a.

Ki kira ni, wannan karon zan ɗaga.

Taki har kullum,
Ƙanwarki mai ɗinki