Hannuwan Hasiya

Lahadi, 6 ga Oktoba 2024

Yau na gane. Firdausi, ɗiyar ƙanena mai karatun halittu a jami'a, ta zo sadakar arba'in ɗin Hasiya. Da mutane suka ragu ta nuna mini bidiyon kusu biyu, wato ɓeraye, a portabul, wayarta ta hannu, uwarsu ɗaya. An ɗaga su ta wutsiya. Ɗaya ya baje ƙafafu, ɗayan ya ƙanƙame nasa wuri guda. Sai da na ajiye ƙwarya. Haka ɗiyata Hasiya ta yi ta murza hannuwa shekara tara.

Wai lafiya lau aka haifi kusun, daga baya ya lalace. Ƙwayar halitta guda masu bincike suka taɓa masa, cikin waɗanda ke gina ƙwaƙwalwa. "Gwaggo, ni ba likita ba ce. Amma ana samun irin ciwon ga 'ya'ya mata, kuma ba hannun kowa."

Ba hannun kowa.

Talata, 8 ga Oktoba

Na kasa daka.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Abin da ban gaya wa Firdausi ba. Hasiya na da shekara biyu maganarta ta ɗauke. Har ta iya "Inna", ta iya "ruwa". Na ce Kande ce ta kama mata kurwa. Kande gwaggon maigidana ce. Na zarge ta don ba ta salla, kuma kullum yarinyar na bayanta. Ni na tara mutane. Aka sa ta tsallaka Hasiya sau uku, yadda ake wa mayya. Ta tsallaka, ta waiwayo ta ce, "Mariama, duba min, ƙafata ba ta taɓa ta ba ko?" Washegari ta koma garinsu, Gabi.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Baban Hasiya ya ce tsohuwa Kande tana kwance tun farkon damina, ko kunu da ƙyar. Bai dube ni ba.

Na kira Firdausi, na ce kusun nan yana gane masu kula da shi? Ta ce ba ta sani ba. Hasiya dai ko sunan Kande aka ambata sai ta juyo da ido.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na kama kusu a rumbu. Na ɗaga shi ta wutsiya, ya baje ƙafafu. Ban kashe ba.

Na sayi goro da sabulu, na ƙulle da ɗankwalin Hasiya. Wai ko wani zai tafi can.

Ban je Gabi ba. Ban nemi gafarar Kande ba.